Yadda ake tattara tarihin gasar ƙwallon ƙafa ta ɗalibai

A ofishin wata makaranta a nan Maradi na taɓa ganin wani kofi a saman kabad, ƙura ta rufe shi, an ɗaure hannunsa ɗaya da wayar ƙarfe saboda ya karye. Babu suna a jikinsa, babu shekara. Na tambayi mutum uku a cikin makarantar ko yaushe aka ci shi, kowannensu ya ba ni shekara dabam, har ɗaya daga cikinsu ya rantse cewa kofin ma ba na ƙwallo ba ne, na tseren gudu ne. Wannan bayani na rubuta shi ne domin ɗalibi ko malami ko ɗan jarida da yake son tattara tarihin wata gasar ƙwallon ƙafa ta ɗalibai, ko ta tsangayoyin jami'a ce, ko ta makarantun sakandare, ko ma irin ta unguwanni da ake yi a babban hutu. Zan riƙa ɗauko misali daga gasannin jami'o'in Amurka, domin suna cikin waɗanda suka fi kula da adana irin wannan tarihi, kuma kusan kowane tarko da mai bincike zai iya faɗawa a nan, akwai irinsa a nasu.

Tsarin nasu ba shi da wuyar ganewa. Jami'o'in Amurka suna haɗuwa rukuni-rukuni a ƙarƙashin hukumar wasanninsu da ake kira NCAA, kowane rukuni da sunansa da dokokinsa. Kakar ƙwallon ƙafa ta maza tana farawa a ƙarshen watan Agusta, a buga wasannin neman maki har zuwa farkon Nuwamba, sannan yawancin rukunonin su shirya gajeriyar gasa ta sili ɗaya ƙwale tsakanin ƙungiyoyinsu. Jami'ar da ta lashe wannan gasa tana samun gurbi kai tsaye a gasar ƙasa baki ɗaya, wadda ƙungiyoyi 48 ke shiga, a buga wasan ƙarshenta a Disamba. An fara gasar ƙasar a 1959, jami'ar Saint Louis ce ta fara ɗaukar kofin, kuma sau 10 ta ɗauke shi. Rukunin gaɓar tekun Atlantika, wanda ake taƙaita sunansa da ACC, an kafa shi a 1953, amma sai a 1987, shekarar da Janar Seyni Kunce ya rasu, ya fara tasa gasar ta sili ɗaya ƙwale. Jami'ar North Carolina ce ta ci ta farko, Virginia ta ci a 1988, Wake Forest a 1989, NC State a 1990, daga nan Virginia ta riƙe kofin shekara biyar a jere, daga 1991 zuwa 1995, a ƙarƙashin mai horarwa Bruce Arena, wanda daga baya ya horar da ƙungiyar ƙasar Amurka. Duk wanda yake da waya da ɗan kuɗin intanet zai iya samo wannan jeri kafin shayin fada ya tafasa. Amma a gwada tambayar wace makaranta ce ta ci kofin makarantun Maradi a wannan shekara ta 1987, za a ga yadda za a yi ta kallon juna.

Fara tantance gasar da kake nufi

Aiki na farko shi ne ka rubuta a shafin farko na kayenka, cikin jumla biyu ko uku, wace gasa ce kake bin tarihinta, su wane ne suke da izinin shiga, wace hukuma ce ke shirya ta, kuma ta wace hanya ake fitar da zakara. Wannan yana kama da ɓata lokaci, amma a nan yawancin masu bincike suke yin tuntuɓe. Rukunin ACC yana da zakarun ƙwallon ƙafa tun kafin 1987, sai dai a wancan lokaci teburin maki ne yake fitar da su. Bayan an ƙirƙiro gasar sili ɗaya ƙwale, sai ya zama a shekara guda ana iya samun zakara iri biyu: wanda ya fi kowa maki a kaka, da wanda ya ɗauki kofi a wasan ƙarshe, kuma sau da yawa ba jami'a ɗaya ba ce. Wanda ya cakuɗa jerin biyu zai ba wata jami'a kofin da ba ta taɓa riƙewa ba. A nan ma haka abin yake. Wata shekara a yi gasar tsangayoyi ta hanyar kowa ya kara da kowa, wata shekara kuma lokaci ya ƙure ko kuɗi su gaza, a yi ta cikin mako guda, wanda aka ci ya fita. Akwai kuma gasar makon al'adu da wasanni, akwai wadda ƙungiyar ɗalibai ke shiryawa, akwai wadda wani attajiri ya sa wa kofi shekara biyu ya bari. Idan ba ka ware su tun farko ba, tsofaffin 'yan wasa za su haɗa maka su wuri guda, ba don suna son yin ƙarya ba, don dai a fili ɗaya aka buga su duka.

Takardu kafin baki

Shawarata ita ce a fara da takarda, a bar hira sai daga baya, domin wanda ya je wurin dattijo da takarda a hannu ya fi wanda ya je hannu rabbana samun amsa mai amfani. Takardar da ta fi kowace daraja ita ce takardar wasa, wadda ake cikewa kafin a take leda, mai ɗauke da sunayen 'yan wasa da lambobinsu, wadda alƙalin wasa ke rubuta sakamako da katuna a kanta ya sa hannu. Bayanta sai rahoton kwamitin shirya gasa, da takardun gayyata da aka aika wa manyan baƙi, da wasiƙun neman izinin amfani da fili, da rasiɗin sayen kofi ko riguna, da takardun yabo da aka raba wa 'yan wasa. Kada a raina rasiɗi. Mai shagon da ya sayar da kofi bai damu da wanda zai ci ba, saboda haka kwanan watan da ya rubuta ba shi da son kai.

Wuraren da za a nema su ne ofishin malamin motsa jiki, da ofishin kula da jin daɗin ɗalibai, da ofishin ƙungiyar ɗalibai, da ofishin matasa da wasanni na jiha, da reshen hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, FENIFOOT, musamman ɓangaren alƙalan wasa, domin alƙalai da yawa suna da ɗan littafin da suke rubuta kowane wasa da suka hura. Tsofaffin kofe na jaridar Le Sahel da Sahel Dimanche suna da amfani idan wasan ƙarshe ya samu halartar gwamna ko wani babban jami'i. Gidajen rediyo masu zaman kansu na garin nan suna da shirye-shiryen wasanni, kuma ko da faifan shirin ya ɓace, mai gabatarwar yana nan, wani lokaci da takardun da ya karanta labari daga cikinsu. Sai masu ɗaukar hoto na da, waɗanda suke zuwa fili da kyamara a wuya, su wanke hoto su sayar wa 'yan wasa. Wasunsu suna buga hatimin shagonsu da kwanan wata a bayan hoto.

Idan aka ce maka akwai takardu a wani wuri, ka je a ranar. Na taɓa jin labarin wani kwali da aka ce yana ɗauke da takardun wasa na shekaru da dama a ma'ajiyar wata makaranta, na ce sai bayan jarrabawa, bayan jarrabawa kuma damina ta kankama. Da muka buɗe ɗakin, rufin ya yi yoyo a daidai kusurwar, gara ta gina gida tun daga ƙasan kwalin har bakinsa. Na ɗaga takardar sama, ta rabu biyu a hannuna. Abin da ya rage a jikinta shi ne hatimi, da rabin sunan alƙalin wasa, da lamba 2 wadda ba a san ko ƙwallayen wace ƙungiya ba ce. Tun daga nan, duk takardar da na gani sai na ɗauki hotonta gaba da baya a nan take, kafin ma in karanta ta, in kuma rubuta a kaye inda na same ta da wanda ya nuna mini.

Na shekarun baya-bayan nan sun fi sauƙi a ido, amma su ma suna da nasu haɗari. Sakamakon wasa yana yawo a Facebook da WhatsApp, sai dai waya takan faɗa ruwa ko a sace ta, zauren WhatsApp yakan watse da zarar ajin ya kammala karatu, kuma hoton da aka tura daga hannu zuwa hannu yakan rasa kwanan watansa na asali. A nemi wanda ya fara ɗaukar hoton, a karɓa daga wayarsa.

Hira da waɗanda suka buga

Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma a nan ne tarihin yake samun rai, amma a nan ne kuma ake bukatar haƙuri da dabara. Tsohon ɗan wasa yana tuna ƙwallon da ya ci da kai a minti na ƙarshe kamar jiya aka yi, har ya nuna maka ɓangaren ragar da ta shiga, amma idan ka tambaye shi shekara sai ya yi shiru ya fara ƙirga da yatsu. Saboda haka kada a tambayi shekara kai tsaye, a tambayi abin da yake manne da ita. Idan tsohon malami ne, bayan gaisuwa sai a ce: "Mushe, lokacin da yaranku suka ɗauki kofin nan, wane ne daraktan makarantar?" Idan dattijo ne da ya buga a zamaninsa, sai a ce: "Baba, a lokacin an riga an karya darajar sefa, ko tukuna?" An karya darajar sefa a Janairun 1994, kuma babu magidancin da ya manta. Haka nan wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci da aka yi a Yamai a Disambar 2005, da zuwan Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙasar Nijar, gasar cin kofin Afirka karo na farko a 2012, duka turaku ne da za a iya ɗaure shekara a jikinsu. Ga dattawan da suka fi shekaru, akwai 1983, shekarar da ƙungiyar ƙwallon Jangorzo ta kawo kofin ƙasa Maradi. Azumi ma yana taimakawa ƙwarai: idan mutum ya ce an ɗage wasan ƙarshe saboda azumi ya kama, to za a iya duba shekarun da watan Ramadan ya faɗo a ƙarshen shekarar karatu, a rage zato.

A yi hira da mutum shi kaɗai kafin a haɗa shi da abokan wasansa. Idan aka tara su a fada ɗaya tun farko, wanda ya fi murya ne zai kafa labari, sauran su bi shi don kunya ko don girmamawa. Kuma lallai a nemi wanda aka ci. Mai tsaron gidan ƙungiyar da ta sha kashi a wasan ƙarshe ya fi kowa sanin ƙwallo nawa aka zura masa, ba zai ƙara ko ɗaya ba, alhali ɗan wasan gaban da ya yi nasara yakan mayar da biyu da ɗaya ta zama uku da nema bayan shekara ashirin. Ƙa'idar da nake bi ita ce ba na shigar da sakamako cikin jeri sai na same shi daga tushe biyu da ba su ji daga juna ba, ko kuma daga takarda guda da aka rubuta a lokacin. A nemi izinin mutum kafin a naɗi muryarsa, a kuma tambaye shi ko ya yarda a ambaci sunansa.

Jeri, da tarkunan da ke cikinsa

Yanzu sai a ja layuka a babban kaye ko a kwamfuta: kaka, zakara, na biyu, sakamako, fili, ranar wasan ƙarshe, yawan ƙungiyoyi, sai layi na ƙarshe na inda aka samo bayanin. Gurbin da babu tabbas a kansa a bar shi fari. Gurbi fari yana kiran wanda ya sani ya zo ya cike, amma lambar da aka rubuta da ka, idan ta shiga takarda, shekara goma ana kwafarta.

Tarko na farko shi ne shekara. Shekarar karatu a Nijar tana farawa a Oktoba ta ƙare a tsakiyar shekara mai zuwa, don haka gasa ɗaya tana iya farawa a wata shekara ta ƙare a wata, kuma a jami'a yajin aiki kan sa shekarar karatu ta shiga cikin 'yar'uwarta. Amurkawa ma sun gamu da wannan lokacin annobar korona: gasar ƙasa ta kakar 2020 sai a watan Mayun 2021 aka kammala ta, inda jami'ar Marshall ta doke Indiana, sannan a Disambar 2021 ɗin Clemson ta ɗauki kofin kakar 2021. Wanda ya bi kalanda kawai zai ga zakara biyu a shekara guda, wata shekarar kuma babu ko ɗaya. Maganin abin shi ne a rubuta kaka dabam, ranar wasan ƙarshe dabam.

Na biyu shi ne bugun fenariti. Ƙwallayen da aka ci a bugun raba gardama ba a haɗa su da na cikin wasa. A rubuta sakamakon wasan yadda aka tashi, sannan a ƙara na fenariti a gefe. Wasan ƙarshe na gasar ƙasa a Amurka a 2022 an tashi biyu da biyu tsakanin Syracuse da Indiana, Syracuse ta yi nasara bakwai da shida a fenariti. Wanda ya rubuta tara da takwas ya ƙirƙiro wasan da ba a taɓa bugawa ba. Akwai kuma wasan da ba a raba gardamar ba sam. A 1989 Virginia da Santa Clara sun tashi kunnen doki, ɗaya da ɗaya, bayan ƙarin lokaci, aka ba su kofin ƙasa su biyun. A filayenmu da ba su da fitila, magariba ta sha tsayar da wasa, ko hadari ya taso, ko 'yan kallo su cika fili, a ce sai gobe, goben kuma ba ta zo ba. Idan haka ta faru, a rubuta abin da ya faru kamar yadda ya faru, kada mai tarihi ya zama alƙalin da zai miƙa kofi bayan shekara talatin.

Na uku, wanda ya fi kowanne zafi, shi ne nasarar da aka samu a kan tebur. Gasar ɗalibai ba ta rabuwa da ƙorafin sojan haya, wato a sako ɗan wasan wata ƙungiyar gari wanda ba ɗalibi ba ne, ko wanda ya gama karatu tuni. Sai ƙungiya ta ci a fili, kwamiti ya zauna ya ƙwace ya ba abokiyar karawarta, daga nan kowane ɓangare ya riƙe nasa labarin har tsufa. A rubuta duka biyun, sakamakon fili da hukuncin kwamiti, tare da ranar da aka yanke shi idan an samu. Sunan yaron da aka zarga kuwa, ina ganin babu amfanin buga shi. Wataƙila yanzu magidanci ne a unguwar Bagalam ko Mokoyo, 'ya'yansa suna karanta abin da ka rubuta.

Sai batun sauyin suna da shiga da fita. Jami'ar Maradi an kafa ta a 2010, daga baya aka sa mata sunan Ɗan Dikko Ɗankulodo, kuma a kowace jami'a tsangayoyi sukan rabu ko su haɗu, kamar yadda kwaleji kan girma ya zama lise. A yi amfani da sunan da ƙungiya take da shi a shekarar da ta buga, a yi bayanin sabon sunan a ƙasa. A kuma rubuta shekarar da kowace ƙungiya ta shigo da wadda ta fita, domin ba daidai ba ne a gwada yawan kofunan wadda ta shekara talatin a gasa da na wadda ta shigo shekaranjiya. Maryland ta ci gasar ACC a 2012 da 2013, sannan ta fice a 2014 ta koma rukunin Big Ten. Syracuse da Pittsburgh da Notre Dame sun shigo a 2013, Stanford da California da SMU kuma a 2024, duk da cewa biyu daga cikin ukun nan suna can gaɓar tekun Pasifik. Virginia mai kofi 11 tana cikin gasar ACC tun ranar farko. Shi kansa Big Ten, sunansa yana cewa goma, amma jami'o'insa 18 ne a yau. Rukunin Big East kuwa ya dare gida biyu a 2013, wani ɓangare ya tafi da sunan, ɗayan ya ɗauki sabo, abin da ke tilasta wa mai tarihi ya faɗi a fili wane gida yake bi.

Rubutawa da ajiyewa

Idan jeri ya tsaya da ƙafarsa, labari zai fito daga cikinsa da kansa. A duba inda ƙungiya ɗaya ta mamaye shekaru a jere, a nemi dalili: wani malamin motsa jiki ne ya zo, ko wani aji ne mai zaratan 'yan wasa da suka kammala tare, kofin ya bi su? A duba shekarun da ba a yi gasar ba, a faɗi abin da ya hana. A ambaci sauyin dokoki, kamar tsawon lokacin wasa da yawan canji, domin suna shafar sakamako. A 2022 hukumar NCAA ta soke ƙarin lokaci a wasannin neman maki, kuma wanda bai san haka ba zai yi mamakin yadda canjaras ya ƙaru a teburinsu. Ba dole ba ne kowace shekara ta samu shafi guda. Wata layi biyu ya ishe ta, wata kuma sai an ba ta shafi uku.

Kafin a buga, a kai wa mutum biyu ko uku daga ƙungiyoyin da suka fi hamayya da juna su karanta, a saurari gyaransu, amma a ce su kawo shaida. Daga nan a yi kofe uku a takarda, ɗaya ga ɗakin karatu na makarantar, ɗaya ga kwamitin shirya gasa, ɗaya a gida cikin akwatin ƙarfe da aka ɗora a kan bulo, nesa da bango. Hotunan takardun a zuba su a imel ko wata ma'ajiya ta intanet wadda aƙalla mutum biyu suka san mabuɗinta. A bar shafuka farare a ƙarshen kayen, a damƙa shi ga wani malami da ba ya shirin barin garin, da sharaɗin ya cike layin bana a daren wasan ƙarshe. Kofunan da aka gano shekarunsu kuma a kai su wurin masu zanen ƙarfe a kasuwa su sassaƙa sunan gasa da kaka da zakara a gindinsu. Idan kuɗin hakan bai samu ba, a rubuta a takarda da biro, a naɗe ta cikin leda, a jefa cikin kofin.